Rabin Kofi

Talata, bayan la'asar

Auta ya dawo.

Na rubuta, na karanta, na sake karantawa. Jiya da hantsi Kawu ya bugo ya ce mu same shi a asibiti, kada mu taho da kowa, kada mu gaya wa kowa. Ni da Inna muka fita, ko fulawar hannuna ban tsaya wankewa ba, na bar wa Baba Dogo, tsohon ma'aikacin gidan burodinmu, tanderu da burodi a ciki. Rabonmu da Auta tun ranar da aka kama shi aka tsare, kafin faɗuwar damina, ga shi har an yi girbi.

Da muka shiga ɗakin na wuce gadonsa. Wallahi na wuce, ina ta dube-dube ina neman ƙanena. Inna ce ta tsaya cak. Wai da kunnensa ta gane shi.

Mutumin da ke saɓa buhun fulawa a kafaɗa yana waƙa, yau da yatsa biyu na zagaye wuyan hannunsa har da saura. Akwai tabo a wurin, hannu biyun duka. Ban tambaya ba.

Ya dube ni ya ce, "Yaya, ba ki zo min da burodi ba?" Muka yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, nas ta leƙo ta ce mu yi a hankali.

Laraba, da azahar

Tun asuba Inna take kan murhu. Kula uku muka ɗauka, shinkafa, kaza, da romo. Nas ta tare mu a bakin ƙofa kamar mun ɗauko guba, ta ce sai mun ga likita tukuna. Likitar yarinya ce, ko Auta ya girme ta, amma bakinta ba ya rawa.

Ga abin da na fahimta, in da kuskure nawa ne. Ta ce duk abin da muka ci jiki narkar da shi yake, mafi yawa ya koma sukari ya bi jini. Kowace tsoka, har da zuciya, tana jan sukarin nan ta ƙona shi a hankali. Daga nan ƙarfi yake fitowa, da ɗumin jiki, da numfashi, har da tunani. In abinci ya yanke, hanta tana da ɗan ajiya na kamar yini guda. In ya ƙare jiki ya koma kan kitse. In kitse ya tafi sai ya juya kan tsoka.

Inna ta ce, "Cin kansa?"

"Cin kansa, Mama. Wata da watanni abin da ya raya shi ke nan."

"To ai shi ya sa na kawo, 'yata. Yunwa, a ba ki a huta."

Likita ta girgiza kai. Ta ce sukari ba ya ƙonuwa sai da wasu gishirori na cikin jiki, ta jero sunayensu, fosfet kawai na riƙe. Nasa sun kusa ƙarewa. In aka tura masa shinkafa cike da faranti yau, jikin zai yi wawaso, ya zuƙe ɗan abin da ya rage a jini don ya ƙona ta, zuciya ta nemi nata ta rasa. "Sai ta tsaya," ta ce. Haka ta faɗa, ba kwana-kwana. "Yunwa ba ta kashe shi ba, kada mu bari ƙoshi ya kashe shi."

Ni na gane, don marigayi Baba ya sha gaya mana tanderun da ya daɗe a kashe ba a cika masa itace rana ɗaya, tsagewa yake. Inna ba ta gane ba, ko kuma ta ƙi ganewa. Masu gadi ne suka ci kazar.

Alhamis, da yamma

Rabin kofi na wata madara mai kauri, sau shida a yini. Ya lashe kofin har da yatsa a gabana. Na juya ina gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Juma'a, bayan la'asar

Mun dawo gida, kuma ba da son likita ba.

Mai shara ce ta ja ƙofar ɗakin ta rufe da safe, ba da wata manufa ba. Kafin in ankara Auta yana ƙasa, ya cusa kansa tsakanin gado da bango, ya fizge allurar ƙarin ruwa, jini na bin gwiwar hannunsa. Bai yi ihu ba. Da ma ya yi ihun. Da ya dawo hayyacinsa ya ce shi ba zai ƙara kwana a ɗakin da ake rufe ƙofarsa ba, ko da za a yanka shi.

Likita ta yi lallashi, ta yi faɗa, daga baya ta haƙura. Ta ba da sharaɗi: madarar nan rabin kofi sau shida, ƙwayoyi da bitamin kafin kowane kofi, gwajin jini duk bayan kwana biyu, ba ƙarin ko loma sai ta ce. Ta dube mu ta ce, "Wa zai tsaya a kansa? Ina son wanda in ya yi kuka ba zai karaya ba."

Inna ta nuna ni da haɓa. "Yayarsu. Ita ce ba ta san tausayi ba."

Wasa take yi. Na san wasa take yi.

Asabar, da hantsi

Labari ya fita, oho ko ta bakin wa. Tun safe dangi ke sallama, kowa da kularsa. Na kafa kujera a bakin ƙofar tsakar gida kamar 'yar kwastan, duk mai shigowa in karɓe kayan hannunsa in ce a shiga lafiya. Gwaggo ta ce, "Ikon Allah! Yaro ya fito daga bakin kura, a hana shi loma? Wannan rowa taki har ta kai nan?" Na ce Gwaggo ba rowa ba ce, likita ce ta ce. Ta ce likitar ita ta haife shi? Na ce a'a, amma ita ta ga jininsa. Ta ɗauki mayafinta ta fita ko sallama babu.

Na tara 'yan gida har da ma'aikatan gidan burodi, na ce duk wanda ya ba Auta abinci, ko cokali ɗaya ne, ni da shi har lahira. Baba Dogo ya ce, "Ranki ya daɗe, mun ji, mun bi." Tsokana ce, tun ina rarrafe yake kwaɓi a gidan nan.

Na kulle kicin, na kulle sito. Kulolin na raba wa maƙwabta.

Lahadi, da safe

Rabin kofi.

Lahadi, bayan azahar

Sanyi yake ji. Rana tsaka, kowa na fifita, shi yana cikin bargo biyu haƙoransa na haɗuwa. Na kira likita. Ta ce jikin ne ya rage wutarsa don ajiyar ta kai shi, zai ɗauki lokaci kafin ya yarda cewa abinci ya dawo da gaske. Ta ce a sa shi wuri mai ɗumi.

Baba Dogo ya ce me ya fi gindin tanderu ɗumi a duniya? Ya shimfiɗa masa buhuna a kan benci. Da asuba ni ina shagon gaba wurin masu sari, ba ni da idon duba shi, ga shi kuma ba ya barci. Na ce to. Na ji daɗi ma, ko ba komai ya fita daga ɗakin nan da yake zama a ƙasa ya jingina da bango, ga gado ga kujera.

Litinin, bayan la'asar

Na kasa zama. Na wanke gwangwanayen burodi da aka riga aka wanke. Na yi wa mai kawo itace masifa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Da na kai masa kofi na huɗu ya karɓa da hannu biyu, ya leƙa ciki, ya ce, "Yaya, ɗan ƙara mana. Ɗan kaɗan. Ba wanda zai sani."

Na ce, "Jininka zai sani."

Ya yi murmushi. Ya ce, "Can ma haka suke ba mu. A gwangwani, an auna. Sai dai su ba sa tsayawa su ga ka shanye."

Wannan ne karo na farko da ya ambaci can. Na tsaya da kofin a hannu ina jira ko zai ƙara wani abu, rabina yana so, rabina yana addu'ar kada ya ƙara. Bai ƙara ba. Ban tambaya ba. Na fita na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Talata, da hantsi

Yau ya fito daga gidan burodi fuskarsa da ɗan haske, har ya tsokani Inna a kan tabaranta. Inna ta ce, "Kin gani? Iskar gida ma magani ce." Na yi hamdala. Amma takalminsa ya ƙi shiga. Ƙafafun sun kumbura, na danna da yatsa ramin ya zauna.

Inna ta ce ƙiba ce ta fara dawowa. Ƙiba a kwana huɗu, a ƙafa kaɗai?

Mun je an ɗebi jini. Ya ƙi shiga ciki, a bakin baranda aka ɗiba.

Laraba, da azahar

Likita ta kira ni da kanta. Ta ce gishirin jininsa ya yi ƙasa, ƙasa sosai, fiye da ranar da aka kawo shi. Ta ce da rabin kofin nan da ƙwayoyin nan bai kamata ba. "Hajiya, me yake ci bayan wanda na rubuta?" Na ce ba komai. Ta ce, "Jini ba ya ƙarya. Wani yana ba shi wani abu, kuma abu mai sukari ko fulawa. A nemo shi yau, gobe da safe a kawo min shi ko da ɗaukarsa za a yi."

Na tambayi Auta. Ya sunkuyar da kai ya ce ba komai. Ya ce yatsunsa kamar ana tsira musu allura, ƙirjinsa kuma na yi masa tsalle.

Kaina ya ɗau zafi. Na shiga ɗakin Inna ba sallama. Na ɗaga katifa, na buɗe akwati, na zazzage jakar hannunta a kan sallaya. Na samu ƙullin dabino. Na ɗaga shi sama na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta cire tabarau ta dube ni. "Nawa ne. Azumin nafila nake yi tun ranar da ya tafi, ke ba ki ma lura ba."

Da ma na yi shiru a nan. Amma ni ce, sai na ce, "Kashe shi za ki yi da tausayinki, Inna. Su ba su kashe shi ba, ke za ki ƙarasa."

Baki shi ke yanka wuya. Ba ta mare ni ba, ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa tana tsince kayanta ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa jaka. Ta ce, "Ja min ƙofar in kin fita."

Laraba, bayan magariba

Rabin kofi. Ya sha, ya amar. Inna ba ta fito ba.

Alhamis

Asibiti.

Alhamis, da yamma

A bakin famfo ya faɗi, yana alwala, da fitowarsa daga gidan burodi. Ƙarar butar na ji daga gaba. Leɓensa ya yi toka-toka, yana jan numfashi kamar mai shan ruwa da tsinke. Baba Dogo ne ya saɓa shi. Ya ce wallahi kwandon burodi ya fi shi nauyi.

Sun sa masa wayoyi a ƙirji, allura a hannu biyu. Da ya farfaɗo ya ga ƙofa a rufe, ya ga igiyoyin ƙarin ruwa a hannunsa, sai ya fara fizga. Likita ta ce in ya cire wannan ruwan ba ta da wata dabara, a riƙe shi. Nas biyu suka kasa, ban san daga ina ƙarfin ya zo masa ba. Ta ce, "Hajiya, ke yake ji."

Na hau gefen gadon na danne wuyan hannayensa. Daidai kan tabon, ba wani wurin kamawa. Na ce, "Kwanta! Na ce ka kwanta!" da muryar da nake yi wa masu sari in sun kawo min raini.

Ya daina motsi nan take. Jikinsa ya saki gaba ɗaya, ya kawar da ido. Likita ta ce yauwa, sannu da ƙoƙari.

Na wanke hannuna sau nawa yau, ban sani ba.

Juma'a, da hantsi

Zuciyar tana bugawa, tana tuntuɓe, tana bugawa. Na zura wa na'urar da ke nuna bugunta ido har na fara ganin layin a bango.

Juma'a, bayan la'asar

Ana zaton wuta a maƙera.

Baba Dogo ya zo, bai ko canja rigar aiki ba. Ya zauna a ƙarshen benci yana murza hularsa. Ya ce, "Uwata, ni fa ban gane ba. Yaron nan kullum yana samun sauƙi a idona. Ranar farko rabi ya ci, jiya har guda biyu ya tashi da su."

Na ce, "Guda biyu na me?"

"Na tiren farko mana."

A gidanmu tun zamanin Baba, tiren farko da ya fito daga tanderu ba a sayar da shi. Duk wanda ke wurin sai ya gutsura da zafinsa, a kora da shayi mai sukari, a ji ko gishiri ya ji, ko yis ya yi yawa. Ko mai kawo itace ya tarar sai ya ci. Ba a tambaya, ba a godiya. Ni kaina kullum sai an miƙo min nawa a gaba ina lissafi da masu sari, in cusa a baki ban ma san na ci ba. Duk kwanakin nan na ci.

Na ce, "Baba Dogo, ban ce kada a ba shi abinci ba?"

Ya ware ido. "Wallahi tallahi ban ba shi abinci ba! Ko ƙwayar shinkafa. Burodi ne kawai, uwata. Ɗanɗano ne."

Ni da na kulle kicin, na kulle sito, na kori Gwaggo, na zazzage jakar uwata, ni na ɗauki mayunwaci na ajiye shi a gindin tanderu. Ko sau ɗaya bai zo min a rai ba. A gidanmu in ka ce wa mutum ya ci abinci, ya ce a'a burodi kawai na ci, sai a zuba masa.

Da na gaya masa abin da fulawa da sukari suke zama a cikin jini, tsohon nan ya zame daga benci ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Da hannuna na sa masa sukarin. Cokali uku, yadda yake so tun yana yaro." Na ce ya tashi mutane na kallo. Ya ƙi tashi, ni ma sai na zauna kusa da shi.

Asabar, da safe

Na sami Inna a masallacin mata na asibiti. Na durƙusa na ce ta yafe min. Ta ci gaba da jan carbi har ta kai ƙarshe. Ta ce, "Da kin bar ni, da na ba shi. Kullum sai na ɗebi abu na nufi ɗakinsa in tuna fuskarki in dawo. Tashi ki je wurinsa."

Ba ta ce ta yafe ba, amma ta gyara min ɗankwali.

Litinin, da azahar

Gishirin ya fara hawa. Likita ta ce an tsallake, amma da ƙyar, kuma ba a tsallake irin wannan sau biyu. An bar masa ƙofa a buɗe, an sa kujera ta tokare ta.

Yana magana da Inna. Yana magana da nas. In na shigo da kofi sai ya gyara zama ya miƙo hannu biyu.

Alhamis, bayan la'asar

Gida. Wannan karon ba wasa. Na sa kafinta ya buga kwaɗo a ƙofar da ke tsakanin gida da gidan burodi. Makullan duka na haɗa su a zare ɗaya na ɗaura a ƙugu, kicin, sito, firij, ƙofar baya. In ya fita tsakar gida ina biye. In ya daɗe a banɗaki in ƙwanƙwasa. Na laluba aljihunsa da ya dawo daga gaisawa da maƙwabci, a gaban maƙwabcin. Ya ɗaga hannuwa sama da kansa tun kafin in ce.

Kawu ya ce, "Ki sassauta, mutum ne fa." Na ce Kawu kai ba ka ga leɓensa ranar Alhamis ba. Su zage ni, su kira ni duk abin da suka ga dama. Gara ya ƙi ni yana numfashi.

Asabar

Kofi guda yanzu, da ƙwai ɗaya, da rabin ayaba.

Lahadi, da yamma

Ba na iya zama wuri ɗaya. In ina gaba, hankalina na gida. In ina gida, in ji kamar ana ƙona burodi. Na daina cin na tiren farko. Baba Dogo ya daina waƙa a kan kwaɓi, gidan burodin ya yi tsit, sai ƙarar itace.

Inna ta ce, "Ki riƙa riƙe makullan nan in kina tafiya, ƙararsu ta yi yawa." Na ce me ƙarar makulli ta tsare wa mutane? Ta ce ba komai.

Da na doshi ɗakinsa na tarar da shi a tsaye a jikin bango tun kafin in ɗaga labule. Na ce zauna mana. Ya zauna.

Laraba, da hantsi

Gwaji ya yi kyau. An ƙara shinkafa, ludayi ɗaya, da kifi. Ya yi wanka da ruwan sanyi bai yi rawar ɗari ba. Likita ta ce wutar ta fara kamawa ke nan, jikin ya fara gina tsoka maimakon cinta. Ta ce, "Hajiya, da kowane marar lafiya yana da irinki da na huta."

Na yi ta neman daɗin maganar a hanya ban same shi ba.

Juma'a

Bai ce Yaya ba yau ma. Ba wai yana fushi ba ne. Ba ya dai kirana da komai.

Litinin, bayan azahar

Ya ɗauki bokiti cike da ruwa daga famfo zuwa kicin bai huta ba. Inna ta yi guɗa, maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya haihu. Na tsaya a ƙofa ina dariya. Ya juyo ya gan ni, ya ajiye bokitin a hankali, ya tsaya yana jira.

Jiran me? Ban tambaya ba.

Alhamis, da hantsi

An sallame mu! Likita ta duba takardar jini, ta saurari ƙirjinsa, ta ce zuciya lafiya lau, gishiri ya cika. Ta ce ya ci abin da yake so, gwargwadon cikinsa, har da burodin da ya kusa aika shi. Ta yi dariya, Inna ta rungume ta. Daga asibiti kasuwa na wuce kai tsaye. Kaza biyu na saya, manya, ban ko yi ciniki ba, mai kaji ya bi ni da kallo yana tambaya ko lafiya.

Da hannuna zan dafa. Na kwance zaren makullan na jefa a aljihun tebur. Na aika a gaya wa Gwaggo ta zo gobe da kularta, duk girmanta.

Alhamis, bayan la'asar

Na yi shimfiɗa a tsakar gida, a inuwa. Na cika faranti har yana zuba, na ɗora cinya biyu a sama, na ajiye burodi mai zafi a gefe, Baba Dogo ya gasa shi musamman. Na kai gabansa na ajiye na zauna ina fifita, zuciyata fes, rabona da jin haka na manta.

Bai taɓa ba. Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, kansa a ƙasa. Tururi yana tashi, ina ganin maƙogwaronsa yana motsi.

Na ce, "Auta, naka ne fa duka. Likita ta ce an gama."

Ya ƙara danne hannuwansa a kan gwiwa.

Na ce, "Ɗan Inna, kazar za ta huce." Na yi maganar da muryar wasa, irin wadda nake yi masa da can. Bai ɗago ba. Inna tana bakin kicin da ludayi a hannu, ta daina motsi.

Na san abin da yake jira. Na yi ta kewaye-kewaye, na ce bismillah, na ce ga ruwa, na tura farantin ya taɓa gwiwarsa. Daga ƙarshe na gaji, na faɗa da muryar nan. "Ci!"

Hannunsa ya tafi faranti nan take. Kafin ya kai loma baki, ba tare da ya dube ni ba, ya ce a hankali, "Na gode, yallaɓai."

Bai san ya faɗa ba. Ya ci gaba da ci, da sauri, ya kare farantin da ɗaya hannun.

Inna ta ajiye ludayi ta zo ta wanke hannu. Ta zauna a gefensa, ta sa hannu a farantin ta fara ci tare da shi, tana yi masa hirar maƙwabta. Ta dube ni sau ɗaya. Na tashi.

Alhamis, bayan magariba

Ya cinye duka, in ji Inna, bai amar ba, ƙirjinsa lafiya. Har ya nemi shayi. Ta ce ya yi dariya sau biyu. Na jiyo ɗaya daga nan ɗakina.

Ya rayu. Abin da na roƙa ke nan, kuma an ba ni.

Daga gobe Inna ce za ta riƙa kai masa abinci. Ni ina da aiki a gaba.